Baƙon da Ya Riga Ya Shigo

Ku 'ya'yana, kun tashi kun tarar da Kawunku Iliya ba ya gani, kun kuma tarar da maganar da ake yi a dangi, wai son baƙi irin na Kakarku ne ya cinye masa idanu. A Kirsimetin bara na ji ɗaya daga cikinku ta faɗe ta tana dariya, ba da wata mugun nufi ba, lokacin da aka ga mutane sun yi yawa a tsakar gida. Ina zaune ina tsince shinkafa, ban ce komai ba. Rashin cewa komai halina ne tun ina yarinya, kuma a kansa zan ba ku labari. Mama ta tafi, Baba ya riga ta. Ni kaɗai na rage da na san yadda abin ya faru, don haka ku karanta a hankali.

A wancan lokacin Jega da Maiyama duk suna cikin Jihar Sakkwato. Mu mutanen kudancin Zariya ne, aiki ya kawo mu. Baba malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Giwa Tazo da Gumbin Kure da sauran ƙauyuka. An ba mu wani gida a Maiyama mai zaure da ɗaki uku, katangarmu ɗaya da gidan wani mahauci. Kirista a garin ba mu da yawa. Ran Lahadi a ɗakin wani malamin makaranta muke haɗuwa, in babban biki ne mu tafi Jega. Ni ce babba, shekarata goma sha biyar, ina makarantar kwana ta 'yan mata. Tsakanina da Iliya an yi rashi biyu, shi ya sa da ya zo ya zauna, Mama ba ta son ko ƙuda ya taɓa shi. A shekarar da nake magana bai cika biyar ba.

Mama ba ta iya wa'azi ba, karatunta ma da ƙyar ne. Bangaskiyarta a tukunya take. Duk abin da za ta dafa sai ta ƙara awon mutum ɗaya, akwai kuma tabarma a jingine cikin zaure da ba ta kowa ba ce a gidan. In Baba ya ce hatsi na tafiya, sai ta ce Ubangiji ba ya aiko da saƙo kafin ya zo, kuma ba ya zuwa da fuskar da ka sani. Da farko mutanen gari ba sa cin abincinmu. Da ta gane dalili, sai ta ce kada a ƙara shigo mata da naman da ba daga hannun maƙwabcinmu mahauci ya fito ba, kowa ya gani da idonsa. Daga nan direban da motarsa ta lalace, da masu tallan nono da rana ta buga, da ma'aikacin da aka turo bai san kowa ba, duk gidanmu ake nuna musu.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne Hausar wurin. Hausar Mama ta coci ce da ta kasuwar garinmu. In Basakkwace ya yi sauri, rabin maganar take kamawa. Saboda haka in ina hutu ni ce tafintarta. Ni kuwa ba na son magana da mutane, amma ina son kalmomi. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta duk kalmar da na ji sabuwa, in ja layi da rula, in sa ma'anarta a gefe. Yawancinsu daga bakin Inna Hajo na same su, uwar mahaucin nan, wata tsohuwa mai ba'a wadda take kirana "malama marar baki".

Da na dawo hutun Ista a bazarar nan, na tarar garin ya canza. Zafi ne irin wanda ko kaji ba sa motsi. Gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, inda yara kan cika da ihu, babu kowa. Kusan kowace rana kafin azahar sai ka ga maza huɗu ko biyar sun wuce shiru, na gaba yana rungume da tabarma naɗaɗɗiya, ƙarama, wadda ba ta buƙatar makara. Baba ya ce ƙyanda ce ta shigo gari. Ba a yi wa Iliya allurar rigakafi ba, don haka Mama ta hana shi taka ko dokin ƙofa. Wata rana na leƙa gidan Inna Hajo na mayar da rariya, na ce mata garin ya yi shiru.

"Baƙo na yas shigo gari, ɗiyata," in ji ta.

"Wane baƙo, Inna?"

Ta ɗora tafin hannunta a bakina. Hannun na da sanyi, yana warin daddawa.

"Ba a hwaɗin suna nai. In kin kira shi, amsawa shikai."

Ta ɗebi ƙwayar dauro daga ƙwarya ta barbaza a bayan hannunta, ta miƙo mini in gani. Na ga ƙananan ƙwayoyi a kan fata, na gane. Da na koma gida na buɗe littafina na rubuta: baƙo, wato ƙyanda, ba a kiran sunanta. Na ja layi a ƙasa. Ban faɗa wa kowa ba, don ban saba faɗar abin da ke cikin littafin ba.

Kwana uku bayan haka, ranar Laraba ta makon da za a yi Ista, rana ta take tsaka, muka ji sallama a ƙofa, can ƙasa-ƙasa. Baba yana Giwa Tazo. Mama ta ce in biyo ta. Wata mace ce doguwa, siririya, ba za ta wuce ashirin ba, da ƙulli a kai da goyo a baya. Abin da na fara lura da shi, a cikin wannan zafin ta lulluɓe goyon da zane biyu har kai. Na biyu, ga inuwar zaure a gabanta, amma ta tsaya a rana. Kayanta na warin albasa.

"Sunana Kulu," ta ce. "Daga Aliero nike, Gumbin Kure za ni, gidan uwayena. Mai motar albasa yas sauke ni nan, yac ce ba shi ƙara gaba da ni. Gida huɗu na yi sallama, anka ce in zo gidan malamin gona, su ba su korar mutum. Amma in hwaɗa muku gaskiya, ba ni ɗai nike ba. Da baƙo nike tahe."

Mama ta juyo ta dube ni.

"Rahila, me ta ce a ƙarshen nan?"

Ina so ku tsaya a nan, don nan ne wurin. Na san abin da matar take nufi. Ban manta ba, ban rikice ba, ina ganin shafin littafina a idona har da layin da na ja. Amma matar ta zuba mini ido, na ji kunyar in kira mata cuta a fuska. Na ji tsoron kada ya zama na yi kuskure a yi mini dariya. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai wani abu da ban taɓa yarda da shi ba sai da na tsufa: na ji kamar hannun Inna Hajo yana kan bakina har yanzu. Ni da nake cikin ƙungiyar mawaƙa a makaranta, ni da nake haddace ayoyi, na ji tsoron in kira sunan ya amsa. Sai na yi abin da mai tsoro yake yi in yana son ya zauna da gaskiyarsa. Na mayar da maganar daidai da daidai.

"Ta ce tana tare da baƙo."

Mama ta leƙa titi hagu da dama, ba ta ga kowa ba.

"To, me ya tsaya yi? Ku shigo ku duka."

Matar ba ta motsa ba.

"Har da shi, Inna?"

"Har da shi mana. Gidan nan ba a zaɓen baƙo."

Sai hawaye suka zubo mata ba tare da fuskarta ta canza ba. Ta cire takalmi, ta ɗan karkata kai ta bayan kafaɗarta, ta yi magana a hankali kamar da wani babba take: "Bismillah, an yi muna izini." Sannan ta tsallake dokin ƙofa.

Mama ta shimfiɗa tabarma biyu a inuwar tsakar gida, ta kawo kwano biyu da ruwa a moɗa. Kulu ta ci nata da goyon a bayanta. Ɗaya kwanon ta tura shi jikin bango ta rufe da faifai. Ni ina bakin ƙofar ɗaki da littafi a buɗe a cinyata, ban karanta ko layi ɗaya ba. Na ga Iliya ya fito, shi da ya yi makonni bai ga wani yaro ba. Na ga ya zagaya bayan matar ya tsuguna, ya ɗaga bakin zanen yana leƙe, ya kama wata 'yar ƙafa yana wasa da yatsunta. Kulu ta ɗan ture shi, ta dubi Mama, ta ga Mama tana murmushi, sai ta bari. A ganinta uwar yaron ta sani ta kuma yarda. Daga ƙarƙashin zanen wani tari yake fitowa, busasshe, kamar ana goga ƙwarya a ƙasa. Na ga Iliya ya sha ragowar ruwan moɗar da aka ba mai tarin. Kowane lokaci ina ce wa kaina yanzu zan tashi in faɗa, kowane lokaci kuma faɗar tana ƙara nauyi, don sai an tambaye ni me ya hana ni tun a ƙofa.

Can Mama ta ɗora manja za ta soya albasa. Ƙauri na tashi Kulu ta miƙe da sauri.

"Inna, don Allah a sauke man ga. Ba shi son ƙauri."

Mama ta yi dariya, ta sauke.

"Wannan wane irin baƙo ne, bai iso ba ya fara kafa mana doka? Ko hakimi ne?"

Kulu ba ta yi dariya ba. Har aka kira la'asar tabarma ta biyu ba kowa a kanta. Mama ta leƙa ƙofa sau uku. Daga baya ta zo ta tsaya a kan matar tana goge hannu da zane.

"Baiwar Allah, baƙon naki ko ya ɓata hanya ne? Tuwonsa ya huce."

Kulu ta ɗaga kai ta dube ta da mamaki.

"Inna, ai ya riga ya shigo. Ke kinka ce ya shigo."

Ta kwance majanyi, ta juyo da goyon cinyarta, ta yaye zanen. Yarinya ce 'yar shekara biyu. Daga bayan kunnenta har ƙirji babu wurin da za ka ɗora yatsa, ƙuraje ne ƙanana a jere kamar an barbaza. Leɓunanta sun tsage, idanunta sun yi ja suna zubar da ruwa.

"Ƙyanda!" in ji Mama da ƙarfi.

Kulu ta toshe wa yarinyar kunnuwa da hannu biyu.

"Wayyo, ta kira shi. Inna, kin kira shi."

Mama ta fizgi Iliya ta hannu ɗaya ta kai shi bayan ɗaki, ta tuɓe shi ta dinga dirza shi da sabulu yana ihu. Ban taɓa ganin ta taɓa shi da ƙarfi haka ba.

Kafin magariba Baba ya dawo. Ya tarar Kulu ta ɗaure ƙullinta ta mayar da goyo tana tsaye a zaure, Inna Hajo kuma ta hau turmi ta leƙo ta kan katanga tana faɗa.

"Matar malam, ke wace irin mace ta? Gari dut ya ruhe ƙohwa, ke kin buɗe kin shimhiɗa mai tabarma! Ki sallame ta tun da sauran rana."

Baba mutum ne mai sanyi, amma ran nan muryarsa ta tashi. Ya ce a kai ta tasha. Ya san babu motar da za ta ɗauke ta. Ya ce to zai kai ta Gumbin Kure a babur. Mama ta ce ya dubi yarinyar, ba za ta kai rabin hanya da rai ba.

"Naki ɗan fa?" in ji shi.

"Na gan shi. Na kuma ga nata."

"Allah bai ce ki ba da ɗanki ba, Maman Rahila."

"Ban san abin da ya ce a kan wannan ba. Na dai san da bakina na ce mata shigo. In na fitar da ita yarinyar ta mutu mata a gindin itace, jibi Jumma'ar mutuwar Almasihu da wane baki zan yi addu'a?"

Ta daɗe tana tsaye, tana duban Iliya da ke naɗe a zane a hannuna. Sannan ta shiga zaure ta sauke ƙullin daga kan Kulu, ta kai shi ɗakin ajiya na can ƙarshen gida.

Washegari da sassafe Baba ya ɗora Iliya a gaban babur ya tafi da shi Jega, gidan wani ɗan'uwa a cikin bangaskiya, don ya zauna can har abin ya wuce. Mutumin yana da yara biyar. Baba ya faɗa masa komai. Aka kawo musu ruwa a ƙofa, aka yi musu addu'a a ƙofa, daga ƙofar suka juyo. Ban taɓa riƙe mutanen nan a zuciya ba. Su an faɗa musu magana gaba ɗayanta, suka zaɓa. Baba ya dawo da Iliya da magungunan da ya samo wa yarinyar.

Daga ranar gidanmu ya zama kamar ba a cikin gari yake ba. Masu tallan nono suna tsallake ƙofarmu. 'Yan'uwa ba su zo ba, mu ma ba mu je ba, Ista mu huɗu muka yi ta a ɗaki. Inna Hajo ta daina yi mana magana, amma kowace hantsi sai mu ga ƙwaryar fura ta sauko ta kan katanga a ɗaure da igiya, ba a ganin mai riƙe da ita. Mama ta ja layi da toka a tsakar gida ta ce Iliya kada ya tsallake. Ita kuwa tana tsallakewa sau goma a rana, tana wanke hannu har fatar ta yi fari. Abin da ba na mantawa shi ne muryoyi biyu da safe. Daga madafa Mama tana rera waƙar coci a hankali. Daga ɗakin ajiya Kulu tana gaisuwa da ladabi, kamar mai magana da suruki: "Ka kwana lahiya? Ka ci ka sha, ka tahi lahiya. Ba mu yi maka komi ba." Baba ya ce a hana ta. Mama ta ce a bar ta, wanda ke cikin ruwa ba a koya masa yadda zai yi kuka. A hankali muka daina suya. Muka daina ɗaga murya. Na kama kaina ina tafiya da sanɗa in zan wuce ƙofar ɗakin, kamar akwai wani a ciki da bai kamata a tashe shi ba.

Yarinyar ta tashi. Ƙurajen suka bushe, fatarta ta dinga zuba kamar dusa, ta fara karɓar koko. A kwana na goma sha ɗaya, da hantsi, Kulu ta fito tsakar gida da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Inna, ya tashi daga gare ta. Ya tahi."

Sai fara'ar ta ɗauke. Na bi idonta. Can ɗaya gefen layin tokar Iliya yana zaune a inuwa, ya bar gwangwanin da yake wasa da shi, yana murza ido da bayan hannu. Ya yi atishawa sau biyu.

"A'a," in ji Kulu a hankali. "Bai hita gida ba."

Tana iya tafiya ranar. Ba ta tafi ba. Ta ce ita ta san hanyar baƙon, kuma ba za ta ci tuwon gida ta bar shi a ciki ba. Ita ta karɓi ɗiban ruwa da daka da wanki, Mama ta koma ɗaki wurin Iliya. Aka koma makaranta, ni ban koma ba sai wani zangon. Zazzaɓi ya yi masa kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, da suka fito kuma suka fi na yarinyar. Haske yana sa shi ihu, don haka aka toshe taga da bargo, ɗakin ya zama duhu rana tsaka. Idanunsa suka kumbura suka manne. Baba ya ɗauko ma'aikacin asibiti daga Jega a bayan babur har sau biyu, mutumin ya yi abin da zai iya, ya bar maganin shafawa. Ya ce rai zai tsaya in Allah ya so, ido kuma sai ya buɗe za a sani. Tun daga nan duk gidan abu ɗaya muke jira.

Wata rana da azahar muna bayan madafa ni da Mama muna wanke tsummokaran da ake goge masa ido. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ban shirya ba, na ji maganar ta fito.

"Mama, na sani."

"Kin san me?"

"Tun a ƙofa. Na san abin da baƙo yake nufi. Inna Hajo ta faɗa mini. Na rubuta."

Ta ci gaba da matse tsumman da ke hannunta har ruwa ya daina ɗiga. Na so ta mare ni. Ba ta ko dube ni ba.

"Kullum ina tambayar kaina," ta ce, "da na ji sarai ran nan, da zan buɗe ko da ba zan buɗe ba? Wataƙila in ba ta zaure in rufe ƙofar ciki. Wataƙila in zama gida na biyar. Ban sani ba, Rahila. Yanzu kuma ba zan taɓa sani ba."

Na fara kuka. Ta ce in yi shiru, Iliya na ji.

"Ƙofar farko taki ce. Ta biyu tawa ce, da idona a buɗe na sauke mata kaya. Ba wanda ya san ta wace ƙofa ya same shi, ke ma kada ki ce kin sani. Babanki kada ya ji wannan. Ya riga ya sami wanda zai yi fushi da shi, ya ishe shi."

Haka aka yi. Baba ya yi wata da watanni ba ya cin abinci a gaban Mama. Da labari ya kai gida, dangi suka ce son a yaba mata ne ya kai ta. Wasu a coci suka mai da ita abin misali, wannan ma bai yi mata daɗi ba. Ta ɗauki zagin da yabon duka, ba ta taɓa buɗe baki ta ce tafintarta ce ta rage mata magana ba. Ba ta kuma daina ƙara awon mutum ɗaya a tukunya ba, sai dai daga shekarar ban sake jin tana dariya da baƙo ba kafin ta tambaye shi lafiyar gidansu.

Da zazzaɓin ya sauka, yayan Kulu ya zo da jaki daga Gumbin Kure. Kulu ta durƙusa a gaban Mama ta ce, "Inna, ki yahe mani." Mama ta ɗaga ta, ta gyara mata goyo. Ba mu sake ganinta ba.

Kwana biyu bayan tafiyarta kumburin idon Iliya ya sace. Mama ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta dinga shafawa har fatar idon ta rabu. A duhun ɗakin ba a ganin komai sosai. Baba ya ce a fito da shi. Ni na ɗauke shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, na zauna da shi a cinyata a tsakiyar tsakar gida. Rana ce tsaka, irin wadda ko babba sai ya kare fuska. Iliya ya ɗaga kai sama, idanunsa a buɗe tar, bai ƙifta ba. Inda baƙin ido yake, wani fari ne ya rufe kamar an ɗiga nono.

Ya juya kai hagu da dama. Ya laluba ya kama yatsana.

"Yaya, yaushe za a fitar da ni waje?"

Baba ya juya mana baya ya dafa bango. Na ji harshena yana neman wata magana mai sauƙi, wadda ba ƙarya ba ce kuma ba duka ba ce, in ce masa sai anjima, in ce masa ya yi haƙuri. Tana nan a bakina, a shirye. Mama ta dube ni.

"Muna waje, Iliya," na ce masa. "Rana ce tsaka. Ƙyanda ta taɓa maka ido, shi ya sa ba ka gani."

Ya bar fuskarsa a sama, zafin ranar yana dukanta.

"Gobe zan gani?"

"A'a," na ce.